Ja da fari: inabin Katsina da ya ɓace, da ƙwaryar furar da ke neman bin sahunsa

1/ A watan Mayu 1824 wani Bature mai suna Hugh Clapperton ya shigo birnin Katsina daga Sakkwato, ta ɓangaren Zurmi. Ya lissafa 'ya'yan itacen da ya tarar a garin, har da ɓaure da rumman da lemun tsami. Sai ya ƙara da abin da aka faɗa mashi: wai da can inabi ya yi yawa a Katsina, amma da aka ci garin lokacin jihadi sai aka sassare itatuwan. Inabi fa. A Katsina. Zare ne mai tsawo, ku gyara zama 🧵

2/ Zancen yau na abin sha ne, ja da fari, da abin da ake ci da kowanne. Turawa sun mayar da abin ilimi, har makaranta ake shiga a koyi wace giyar inabi ta dace da nama, wace ta dace da kifi. Mu ma muna da namu jan da namu farin, da namu ƙa'idojin haɗi. Kuma tarihinsu ya bi ta Batsari da Safana da Dajin Rugu fiye da yadda kuke zato.

3/ Mu fara da nasu a gurguje, don za mu buƙace shi a gaba. Ruwan cikin inabi, baƙi ne ko kore, kusan duk fari ne. Launin yana jikin ɓawo. In aka bar ruwan yana tsimuwa tare da ɓawon sai ya fito ja, ya ɗauko bauri irin na goro. In aka matse aka raba su tun farko sai ya fito fari mai tsami-tsami.

4/ Shi ya sa suke haɗa jan da nama mai kitse, baurin ya wanke maiƙo a baki, farin kuma da kifi ko kaza. Tushen ke nan. Sana'ar ta tsufa ƙwarai, a ƙasar Jojiya an tono tukwane masu alamar giyar inabi da suka kai shekara 8,000.

5/ To me ya kawo inabi Katsina? Sunan ma ya tona asiri: "inabi" daga Larabci muka aro shi, kamar "rumman". A ƙarni na 18 Katsina ce babbar tashar fataken Sahara a ƙasar Hausa. 'Yan Gadamas da Tuwat da Agadas sun zauna a birnin, sun yi gidaje, sun yi aure. Wanda ya zauna shekaru a baƙon gari yakan so ya ga itacen gidansu a tsakar gida. Rumman da inabi itatuwan lambun Arewacin Afirka ne.

6/ Nan wasu ke saurin cewa "ka ga, ashe giya Haɓe ke yi da shi". Ku bi a hankali. Clapperton inabi ya ambata, bai ce giya ba. Inabi halal ne, ana cin shi ɗanye, ana shanya shi ya zama zabibi. Kuma labari ya ji, wajen shekara 17 bayan Malam Ummarun Dallaje ya karɓi birnin a 1807.

7/ Mai yiwuwa an sare su don toshe ƙofar ɓarna. An taɓa yin haka a duniyar Musulmi: al-Hakim, halifan Faɗimiyya na Masar, ya sa an lalata gonakin inabi a farkon ƙarni na 11, har zabibi ya hana sayarwa. Kuma Shehu Usmanu, a Kitabul Farƙi, ya zargi sarakunan Hausa da ci da shan abin da suka ga dama ba ruwansu da halal ko haram. Don haka hujjar na nan.

8/ Amma ni a ganina gatari kaɗai bai isa ya kashe inabin Katsina ba. Inabi in ka sare shi yana tohowa. Abin da ba ya jurewa shi ne rashin mai kula. A ƙasa mai zafi irin tamu sai an yi mashi aski a kan lokaci, an ɗaura shi a rumfa, an ba shi ruwa duk rani, an kare shi daga cutar damina. Shekara biyu ba mai yi, ya tafi.

9/ Kuma masu yin sun tafi. Shi kansa Clapperton ya ce gidaje da yawa kufai ne, ciniki ya koma Kano. Da Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya zo a 1851, ya ƙiyasta mutanen birnin da 7,000 zuwa 8,000 kacal, cikin ganuwar da ya ce a da za ta iya ɗaukar 100,000. Fatake suka bi kasuwa, lambu ya bi fatake.

10/ Wani abin dariya a gefe. A tsakiyar ƙarni na 20 ƙasar da ta fi kowa fitar da giyar inabi a duniya ita ce Aljeriya, ƙasar Musulmi, ƙarƙashin Faransa. Bayan 'yanci a 1962 Faransa ta rage saye, sai gwamnatin Boumediene ta shiga tumɓuke gonakin a farkon shekarun 1970. Can ma addini da kasuwa ne suka haɗa hannu.

11/ Yau inabi ya dawo Arewa, sai dai ba Katsina ya sauka ba. Manoman Kudan da Hunƙuyi, kusa da Zariya, ke noma shi na ci, ana kwasa zuwa manyan birane. Ƙasar dai ba ta taɓa ƙin shi ba.

12/ Yanzu maganar da ba a cika son yi ba. Giyar ƙasar Hausa ta asali ba ta inabi ba ce, ta hatsi ce. Tun wajen 1492 Shehu Magili, a wasiyyarsa ga Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, ya sa shan giya cikin abubuwan da sarki zai hana a bayyana. Ba a hana abin da babu.

13/ Wajen Maguzawa, Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya suna biyan jiziya, giya na tsakiyar rayuwa: aure, mutuwa, gayyar noma, tsafi. Joseph Greenberg ya zauna da su a ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939 ya rubuta haka. Murray Last ya zauna da na yankin Malumfashi wajen 1970. A Maraɗi ana ce masu Arna ko Anna. Kakannin wasunmu ne, ko mun so ko mun ƙi.

14/ Yadda ake burkutu: a jiƙa dawa, a bar ta ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ta ta yi tsami, a sake dafawa, sannan a bar ta ta tashi. Jar dawa ce ke ba ta launin nan na ƙasa-ƙasa. Ku lura da kalmar "tsiro". Shi ke mayar da garin hatsi ya zama zaƙi.

15/ Kun gane inda na dosa? Kunun zaƙi na gargajiya ma da tsiro ko dankali ake zaƙaƙa shi, tun kafin sukari ya yi araha. Wato kunun zaƙi da burkutu uwa ɗaya ce ta haife su, kwana ne ya raba su. Shi ya sa tsofaffi ke zubar da kunun da ya kwana biyu yana kumfa yana ƙamshin tsami. Ba tsafta kaɗai suke dubawa ba.

16/ Fiƙihu ma ya san wannan iyakar. Ya zo a hadisi cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi a ruwa, ya sha har zuwa yammacin kwana na uku, abin da ya rage kuma a bayar ko a zubar. Matan da ke dama kunu a Ruma da Runka sun daɗe suna aiki da wannan ma'auni ba tare da sun buɗe littafi ba.

17/ Sai Turawa suka zo da tasu dokar. A taron birnin Brasels na 1890 ƙasashen Turai suka amince a hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, ko addininsu ya hana. Da Gwamna Lugga ya kafa mulki a Arewa a 1900 sai ya riƙe wannan: Arewa yankin hani ce. Katsina ta shiga hannunsu a 1903.

18/ Hani ga "ɗan ƙasa" fa. Bature na shan abinsa a bariki, kuma daga baya Sabon Gari ya zama inda ake kau da kai.

19/ Ga wani abin da ba a koya mana a makaranta ba. Kafin yaƙin duniya na ɗaya, kaso mai tsoka na kuɗin shigar Kudancin Najeriya daga harajin barasar da ake shigowa da ita ta teku yake. Arewa kuwa kullum cikin giɓin kasafi. Ɗaya daga cikin dalilan haɗewar 1914 shi ne a cike giɓin nan da rarar Kudu. Ku ƙarasa lissafin da kanku.

20/ Bayan nan abin ya tafi da sauri. Kundin hukunta laifuka na Arewa da ya fara aiki a 1960 ya sa hukunci ga Musulmin da ya sha barasa. A 1963 kuma aka buɗe kamfanin giya a Kaduna, hedikwatar Arewar. A 2000 Katsina ta ƙaddamar da Shari'a zamanin Umaru Musa 'Yar'aduwa.

21/ Amma mu faɗa wa juna gaskiya, samari. Kwalbar da ta ci tsaranmu ba ta inabi ba ce, ba kuma burkutu ba. Maganin tari ne mai kodin, ana juye shi a lemon kwalba a sha a gaban iyaye ba su sani ba. Sai a watan Mayu 2018, bayan binciken BBC, gwamnatin tarayya ta hana shi. Doka ta tsare ƙofar gaba shekara ɗari, ɓarawo ya shigo ta kantin magani.

22/ To mu dawo kan namu. JA: zoɓo. Soɓorodo in kuna so. Abin da ke ba shi launi dangi ɗaya ne da abin da ke cikin ɓawon baƙin inabi, kuma shi ma yana da tsami da ɗan bauri. Wato duk aikin da jar giya ke yi wa Bafaranshe a kan nama, zoɓo na yi maka a kan tsire da balangu, hankalinka na jikinka.

23/ Gwada ka gani. Ci balangu mai kitse da lemon kwalba, bakinka zai yi nauyi, zaƙi kan maiƙo. Ci shi da zoɓo mai citta da kanumfari wanda ba a kashe shi da sukari ba, kowace loma sai ta dawo kamar ta farko. Haka da waina, haka da dambu mai mai, haka da awara.

24/ Ƙorafina ɗaya da masu zoɓon yanzu: sukari da kayan ƙamshin leda sun yi yawa har tsamin ya ɓace. In tsamin ya tafi, ruwan alawa ne kawai mai launi.

25/ Kuma shukar nan ba abin yarwa a jikinta. Ganyen shi ne yakuwa, ko sure, na miya da fate. Ƙwayar, gurguzu, da ita ake daddawar batso. Har farin zoɓo akwai, wanda ake miya da kwaɗo da shi. Ja da fari daga gida ɗaya. A ƙauyukanmu a kan iyakar gona ake jera shi, kuma galibi amfanin mata ne, kuɗin sabulu da omo.

26/ Abin sha ne na duniya, mu ne muka raina shi. Bisap a Senegal, karkade a Masar da Sudan. A tsibiran Karibiyan shi ne abin shan Kirsimeti, kuma ana danganta isarsa can da cinikin bayi. A Meksiko kowane gidan abinci na da shi. Sunan da duk Najeriya ke kiran shi da shi kuwa, har Legas da Fatakwal, namu ne.

27/ Meksiko ce ke sayen mafi yawan zoɓon da Najeriya ke fitarwa, daga Jigawa da Kano da Katsina. Wajen 2018 ta dakatar da saye saboda ƙwarin da aka samu a kaya, sai bayan wasu shekaru aka dawo. Ƙwaro a buhu a tashar jirgin ruwa, asara a hannun tsohuwa a ƙauye. Haka kasuwar duniya take.

28/ FARI kuma. Nan za mu daɗe, don nan ne maganar take. Muna da farare da yawa, kowanne da abokin tafiyarsa da lokacinsa. Koko da ƙosai da safe. Kunun tsamiya da ƙosai a buɗe-baki, tsamin na yanka man suya. Kunun kanwa da gasasshen nama ga mai jego. Kunun gyaɗa ga yaro da marar lafiya. Ba wanda ya rubuta wannan, amma kawo wa mai jego zoɓo da tsire ka ga kallon da surukarka za ta yi maka.

29/ Sarkinsu duka fura da nono. Ita ba ta neman mahaɗi, don ita kanta haɗi ce. Gero na manomi, nono na makiyayi. Ƙwarya ɗaya, sana'a biyu, kuma sau da yawa ƙabila biyu.

30/ Gero ɗan gida ne. A kwarin Tilemsi na ƙasar Mali an samu shaidar noman shi ta wajen shekara 4,500. Aikin fura kuwa duk wanda ya tashi a gidan da ake yi ya san shi: surfe, wanki, daka da citta da kanumfari da barkono, a cura, a jefa a tafasasshen ruwa, a kwashe a kirɓa a turmi, a sake curawa, a barbaɗe da gari. Ƙarar kirɓi da hantsi ita ce agogon ƙauye.

31/ Nonon ma kala-kala ne. Kindirmo shi ne wanda ba a cire mai ba, mai kauri. In aka kaɗa aka cire man shanu, abin da ya rage shi ne tsala, mai ruwa da tsami. Da rani in nono ya yi ƙaranci akan ƙara da garin 'ya'yan kuka. Mai hankali na ganewa daga ludayin farko. Ku ce mani wannan ba ilimin ɗanɗano ba ne.

32/ Har harshenmu ya sha furar nan. "A dama da mu." "Yadda aka dama haka za a sha." 'Yan siyasa na faɗa kullum, ƙila ba su tuna daga ƙwarya maganar ta fito ba.

33/ Yanzu ku kalli taswirar yammacin Katsina. Batsari, inda hakimi ke riƙe da sarautar Sarkin Ruma. Safana, ƙasar Yariman Katsina. Bayansu Dajin Rugu, ya miƙe har Zamfara. Mutane na ɗauka dajin nan haka Allah Ya ajiye shi tun fil azal ba kowa. A'a. Wani ɓangarensa yaƙi ne ya shuka shi.

34/ Bayan 1807 zuriyar sarakunan Haɓe suka kafa Maraɗi, suka riƙa kawo hari don ƙwato gida. Ƙasar Ruma ta zama bakin daga. A farkon shekarun 1840 Ɗan Mari na Maraɗi ya ratso ta nan har Matazu, garuruwa suka bi shi, aka murƙushe tawayen da ƙarfi zamanin Sarkin Katsina Siddiƙu. Garuruwa suka watse, daji ya cinye gonaki. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya bi diddigin wannan zamani a bincikensa kan tarihin Katsina.

35/ A watan Maris 1853 Barth ya bar Katsina zai tafi wajen Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Bai miƙe yamma kai tsaye ba, don tsoron rundunar Gobirawa. Sai ayarin ya zagaya ta Kuraye da Kurfi da Zakka, Zakkar nan dai ta Safana, kafin su ratsa daji zuwa Zurmi. Tafiya cikin ayari, da rakiya, ana sauraron labarin inda mahara suke kafin a tashi. Shekara sama da 170 ke nan. Ɗan Safana na yau ba sai an fassara mashi ba.

36/ A irin wannan ƙasa aka yi su Ɗanwaire na Ruma, wanda har yau ake ba da labarin jarumtarsa. Kuma a irin tafiyar nan fura ce guzuri. Barth ya ambace ta sau da yawa, don ita ake samu a hanya, ita ke kashe yunwa da ƙishi a lokaci ɗaya.

37/ Nono ma ya taɓa ɓacewa. Wajen 1890 annobar shanu ta ratso Afirka daga gabas ta kashe mafi yawan garkuna. A nan ana tuna ta da suna "Sannu", don gaisuwar ta'aziyyar da aka yi ta yi wa masu shanu. Fulani da yawa suka wayi gari ba ko saniya, wasu suka koma noma. An ɗauki shekaru kafin garke ya dawo.

38/ Da yaƙin Katsina da Maraɗi ya mutu a farkon ƙarni na 20, mutane suka koma kufai, Fulani suka samu makiyaya a Rugu. A nan tsarin da kakanninmu suka sani ya zauna. Bayan girbi manomi ya gayyaci Bafulatani ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar taki, a ba shi dame. Da hantsi 'yar Fulani ta shigo gari da ƙwarya a ka, ta sayar da nono, ta sayi gero da gishiri da kanwa.

39/ Kuma ku riƙe wannan: kuɗin nono na mace ne. Saniya ta miji, nono na matar. Da shi take cefane, da shi take yi wa 'yarta kayan ɗaki. Kowace na da gidajen da take shiga, har ta san sunan yaran gidan, har a ba ta ajiya. Zumuncin Hausa da Fulani a ƙauye ba a fada aka ƙulla shi ba, a tsakar gida aka ƙulla shi, tsakanin mata, kan ludayi.

40/ Ban ce ba a faɗa ba. An yi ɓarna, an yi rikicin burtali, an yi kukan jangali har Balarabe Musa ya soke shi da haraji a tsohuwar Jihar Kaduna bayan hawansa a 1979, lokacin Katsina na cikinta. Amma rikici ne na mutanen da gobe za su haɗu a kasuwa.

41/ Gwamnatin Arewa ta ga muhimmancin wurin. A 1965 aka yi dokar keɓe makiyaya, kuma Ruma-Kukar Jangarai na cikin wuraren farko da aka yi wa aiki a shekarun 1960, da tallafin Amurka: madatsun ruwa, kula da lafiyar dabbobi, tsarin kiwo. Sai fari na 1972 zuwa 1974 ya zo, annobar shanu ta sake dawowa a 1983, jama'a ta ƙaru, gona ta shiga makiyaya, madatsai suka cike da yashi ba mai yashewa.

42/ Sauran kun san shi, wasunku a jikinku. Satar shanu ta fara cin Fulanin kansu. Wanda aka kwashe wa garke, wani ya yi hijira, wani ya ɗauki bindiga. 'Yan sa-kai suka tashi, aka kashe mai laifi da marar laifi a kasuwanni. Daji ya rama a kan ƙauyen da bai san hawa ba bai san sauka ba.

43/ Ranar 14 ga Fabrairu 2020, a Tsauwa da Dankar cikin ƙaramar hukumar Batsari, an kashe mutum 30 a dare ɗaya, yawanci tsofaffi da yara. Allah Ya jiƙan su. A Disamban shekarar aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar Ƙanƙara aka shiga da su daji.

44/ A ƙarshen Agusta 2021 Gwamna Masari ya sa hannu a dokar da ta hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da na Batsari da Safana. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13. Ana iya gardama kan ko matakin ya yi amfani ta fuskar tsaro. Abin da ba gardama shi ne wa ya fara jin shi a tukunya.

45/ Yi tunanin 'yar Fulanin da ba ruwanta. In ta shigo gari ana mata kallon mai kai rahoto. In ta zauna a daji nononta ya lalace, ga waɗanda ke karɓar na ƙarfi. Yi tunanin manomin da gonarsa ta gero ke nesa da gari, ya bar ta, ko ya biya kafin ya girbe abin da ya shuka da hannunsa. Rabin ƙwarya na hannun wannan, rabi na hannun wancan, kuma an hana su haɗuwa.

46/ Shi ya sa furar da kuke sha a birni cikin roba mai sanyi, da yawa daga madarar gari ake haɗa "nonon" nata, wadda aka shigo da ita daga ƙasashen waje da dala. Tana da daɗi, ban hana ku ba. Amma ba ta da tsamin nan mai kama harshe, ba ta da ƙamshin ƙwarya da aka ƙona da hayaƙi, kuma kuɗin bai je ruga ba.

47/ Ku tuna abin da na ce ya kashe inabi: masu kula suka watse. Saniya ta fi inabi wuyar dawowa. Garken da aka tara a shekara 40 ana kore shi a dare ɗaya. Yarinyar da ta tashi a sansanin gudun hijira ko bayan gari a Katsina ba za ta iya tatsa ba, ba za ta san yadda ake ɗaura kindirmo ba. Jikarta kuma sai dai ta ji labari, kamar yadda Clapperton ya ji.

48/ A 2025 an yi zaman sulhu a wasu ƙananan hukumomin yankin, har da Jibiya da Batsari da Safana. Ra'ayi ya rabu a kai, kuma wanda aka kashe wa uba yana da hujjar ƙin yarda. Ni ma'aunina mai sauƙi ne, ba hoton musabaha nake kallo ba. Ranar kasuwa nake kallo: mata nawa suka shigo da ƙwarya a ka, kuma sun koma gida lafiya? Gero nawa ya fito daga gonakin bakin daji?

49/ 'Yan Batsari, Ruma, Wagini, Safana, Runka, Zakka, Babban Duhu, ku ne a wurin. Nawa ake sayar da ludayin kindirmo yanzu, nawa yake kafin abin ya ɓaci? Mai kawo wa gidanku nono tana zuwa har yanzu? In ta daina, wace shekara ce ta ƙarshe da kuka gan ta?